Rayuwa, Wahala da Mutuwa: Ina Iyakar Haƙuri?

Laccar da aka gabatar a garin Kanya Babba, ƙaramar hukumar Babura, jihar Jigawa



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raya mu, ya tara mu a wannan wuri lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, sannunku da ƙoƙari. Baƙinmu da suka taso daga Kazaure da Roni da Gwiwa da cikin garin Babura, barkanku da zuwa, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Ɗalibai da samari, ku na fi so ku kasa kunne, domin ku za ku daɗe kuna ɗauke da wannan magana.

Gabatarwa

An nemi in yi bayani a kan tambayoyi huɗu waɗanda suka girmi kowa a nan. Mene ne amfanin zuwanmu duniya? Mene ne jin daɗi? Me ya sa ake shan wahala? Yaya ya kamata mai rai ya dubi mutuwa? A jami'a, nazarin irin waɗannan tambayoyi shi ake kira falsafa. To amma tun kafin a gina jami'a ake yin su. Ana yin su a kan tabarmar zaman makoki. Ana yin su a bakin gona ranar da ruwa ya ɗauke alhali gero bai nuna ba. Ana yin su a barandar asibiti da tsakar dare.

Mu Hausawa muna da amsa guda wadda muke bai wa kusan dukkansu, wato haƙuri. Mun ce haƙuri maganin zaman duniya, mun ce mahaƙurci mawadaci. Wannan gaskiya ce, kuma da ita kakanninmu suka ƙetare yunwa da yaƙi da annoba ba tare da sun rasa hankalinsu ko imaninsu ba. Abin da nake so in kafa a yau shi ne, haƙuri yana da muhallinsa. Wahala iri biyu ce. Akwai wadda ba hannun da zai iya ture ta, kamar tsufa da rabuwa da ajali in ya cika. Akwai kuma wadda hannun mutum ne ya jawo ta, ko hannun mutum zai iya kawar da ita. Ta farko haƙuri take nema. Ta biyu aiki take nema. Ma'anar rayuwar mutum tana cikin iya rarrabe waɗannan biyu, da bai wa kowace haƙƙinta.

Abin da masanan nesa suka hango

Bari mu fara da waɗanda ba namu ba, domin ilimi ba ya da ƙabila.

A birnin Atina na ƙasar Girka, a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kotu ta yanke wa wani dattijo mai suna Sukurat hukuncin kisa, bisa zargin yana ɓata tunanin matasa kuma ba ya girmama allolin gari. Abokansa suka shirya masa hanyar gudu, ya ƙi, ya sha gubar da aka miƙa masa. Ra'ayinsa shi ne, mutum ya yi zalunci ya fi muni a kan a zalunce shi, saboda haka mutuwa ba ita ce mafi munin abin da zai sami mutum ba. Aflatun ɗalibinsa ne, Aristotal kuma ɗalibin Aflatun. Shi Aristotal ya tsaya a kan jin daɗi. Ya ce daɗin da ke zuwa ya wuce, kamar na cin abinci ko na yabo, bai isa a auna rayuwa da shi ba. Wanda ya dace shi ne wanda ya tafiyar da rayuwarsa tun daga farko har ƙarshe a kan kyawawan halaye. Sai dai ya ƙara wani abu da ake yawan mantawa: ya yarda cewa mutum yana bukatar lafiya da abokai da ɗan abin hannu kafin halayen nan su sami filin bayyana. Ku riƙe wannan, za mu koma kansa.

A zamanin daular Rum aka yi Efiktitus, wanda ya tashi yana bawa, kuma gurgu ne. Ya raba al'amuran duniya gida biyu, abin da ke hannunka da abin da ba ya hannunka. Niyyarka da hukuncin zuciyarka suna hannunka. Jikinka da dukiyarka da abin da mutane za su faɗa a kanka ba sa hannunka. Ya ce duk baƙin cikin ɗan Adam daga cakuɗa waɗannan biyu yake. Can gabas kuma, a yankin da ke iyakar Indiya da Nepal a yau, aka yi Buda, ɗan sarauta wanda aka ce ganin tsoho da majinyaci da gawa ya sa ya bar fada. Shi a wurinsa tushen wahala shi ne kwaɗayi da manne wa abin da ba ya dawwama.

A ƙarnin da ya wuce an yi mutum biyu da ya kamata ɗalibanmu su san su. Albert Camus, wanda aka haifa a Aljeriya a 1913, ya rasu a haɗarin mota a Faransa a 1960, yana ganin mutum na neman ma'ana amma duniya ta yi masa shiru. Mu masu imani ba mu tare da shi a nan. Amma a ƙagaggen labarinsa na 1947, kan annobar da ta rufe birnin Oran, gwarzon da ya zaɓa likita ne wanda bai daina duba marasa lafiya ba ko da yake ya san da yawansu ba za su tashi ba. Na biyu shi ne Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa Bayahude daga birnin Viyana, wanda gwamnatin Hitila ta tsare a sansanonin azaba, ya rasa iyayensa da ɗan'uwansa da matarsa a can. A littafin da ya fitar a 1946 ya bayyana cewa fursunan da yake da wanda yake fatan sake gani, ko aikin da yake son kammalawa, ya fi iya jure azaba. Kuma ya yi gargaɗi cewa wahalar da za a iya kawarwa, kawar da ita ne abin yi, jure ta ba jarumtaka ba ce.

Abin da malaman Musulunci suka ƙara

Malamanmu sun karanta Girkawa, sun tace, sun ɗauki abin ɗauka. Alkindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ya rubuta risala a kan dabarar kore baƙin ciki. Ya ce baƙin ciki yana zuwa ne daga rasa abin da ake so ko kasa samun abin da ake nema, kuma duk abin da ke hannunmu aro ne, mai shi yana da ikon karɓa ranar da ya so. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Ita ce ake faɗa wa uwar da ta rasa ɗa.

Imam Gazali, wanda aka haifa a 1058 ya rasu a 1111, ya kai ƙololuwar ɗaukaka a matsayin babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. A 1095 ya duba zuciyarsa ya ga neman suna ya shiga cikin karantarwarsa, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi. Ya bar muƙami da dukiya ya nufi Sham. A cikin shekarun keɓewar nan ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, mai littattafai 40, kuma na ƙarshensu a kan tuna mutuwa ne da abin da ke bayanta. Mutane da yawa a nan suke tsayar da labarin. Amma labarin bai ƙare ba, domin a 1106 ya koma karantarwa a Nishabur. Keɓewa ta wanke masa niyya, sannan ya dawo cikin mutane da aikinsa.

Bambancin malaman nan da Girkawa shi ne, su sun san daga ina mutum ya fito, kuma ina ya nufa. An halicce shi domin bauta, an ɗora masa amanar ƙasa, za a kuma tambaye shi. Saboda haka wahala ba ta zama banza ba, jarrabawa ce. Sai dai mu lura, jarrabawa ba ta tsaya kan wanda abin ya sama kaɗai ba. Ranar da yunwa ta shiga gidan maƙwabcinka, shi ana jarraba haƙurinsa, kai kuma ana jarraba hannunka.

Namu na gida

A wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu, ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan wasu daga cikin mutanen da suka fito domin gyara. Ransa ya ɓaci, ya bar runduna da niyyar tafiya gabas, ƙasa mai tsarki. Da ya iso Kano, jama'a suka riƙe shi, suka roƙi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, daga baya ya koma wurin Shehu. Wato mutumin da ya yi niyyar juya wa duniya baya, bukatar jama'a ce ta dawo da shi, kamar yadda ta dawo da Gazali. Gudun duniya a wurin magabatanmu fitar da ita ne daga zuciya, alhali hannu yana kan gyaranta.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga mutuwa iri-iri. Ta yi hijira tana yarinya, ta rasa mahaifinta a 1817, ta rasa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, ta rasa mijinta Waziri Giɗaɗo. Ta yi wa da yawansu marsiyya. Abin lura a marsiyyoyinta shi ne abin da take yabo. Ba ta tsayawa kan sarauta ko yawan dawaki. Halin mutum take ambata, da kyautarsa, da sulhun da yake yi tsakanin mutane. Har matan da ba su da sarauta ta yi wa, irin su maƙwabciyarta Halima, da Zaharatu wadda take taimakon mata wajen haihuwa. Baƙin cikinta bai zaunar da ita ba. Ita ce ta kafa tsarin 'yan taru, inda malamai mata da ake kira jaji suke kai ilimi ga matan ƙauyuka.

Wani Baturen Ingila, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aiki a Arewa kuma ya nazarci Hausa, ya fitar da wata lacca a 1974 a kan abin da Bahaushe yake nufi da mutumin kirki. Ya lissafa halaye 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ku duba jerin nan da kyau. Haƙuri ɗaya ne cikin goma, kuma yana zaune ne tare da adalci da hankali da gaskiya. In aka ciro shi shi kaɗai, aka yar da sauran tara, abin da zai rage ba shi ne haƙurin da aka gada ba.

Mene ne jin daɗi?

In ka tambayi dattijo a wannan yanki yaushe ya fi jin daɗi, da wuya ya ambaci ranar da ya sami kuɗi masu yawa. Zai ce maka shekarar da damina ta yi kyau, rumbu ya cika da gero da dawa, aka sayar da riɗi da zoɓo aka yi wa yara sutura, ba bashi, ba mara lafiya a gida, ba gaba da kowa. Abin da ya lissafa ke nan: wadata gwargwado, lafiya, da zaman lafiya da mutane. Aristotal bai wuce nan ba, kuma malamanmu sun ɗora masa abin da ya rasa, wato natsuwar zuciyar da ta san Ubangijinta.

Wannan ma'auni yana da kariya biyu. Yana kare mu daga masu cewa talauci ba komai ba ne, domin wanda bai ci ba tun jiya ba a yi masa wa'azin wadatar zuci kafin a ba shi tuwo. Yana kuma kare mu daga masu cewa kuɗi ne komai. A yau saurayi yana zaune a Kanya Babba, wayar da ke hannunsa tana nuna masa motocin Abuja da gidajen Dubai tun safe har dare. Kakansa yana auna kansa da mutanen unguwarsu, shi kuwa yana auna kansa da duniya baki ɗaya, kuma abin da ake nuna masa zaɓaɓɓe ne, ba a nuna bashi da hawayen da ke bayansa. Daga nan raina sana'ar gida ke farawa. Daga nan wani ke kama hanyar Agadas zuwa Libiya ba shiri, wani kuma ya faɗa shan ƙwaya don ya manta.

Samari, neman arziki halal ne, kuma cin rani tsohuwar al'adarmu ce. Ku nema da ƙarfinku. Amma ku san iyakar abin da kuke nema tun kafin ku fita, domin wanda bai san abin da zai ishe shi ba, ko an ba shi kasuwar Kano ba zai ƙoshi ba.

Wahalar da aka kira ƙaddara

Yanzu mun zo zuciyar magana. A 1913 damina ta gaza a ƙasar Hausa, a 1914 aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba. Mutane suka kwararo daga Damagaram da sauran ƙasashen arewa suka nufi Kano, kuma wannan yanki namu yana tsakanin biyun. Rashin ruwa daga Allah ne. Amma masana tarihi sun nuna cewa akwai hannun mutum a cikin tsananin abin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma da yawa suka ba gyaɗa filin da a da hatsi ke ci, ga kuma harajin Turawa da ake biya da kuɗi. Da fari ya zo, ya tarar da rumbuna ba ajiya. Masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya nuna a littafinsa na 1981 cewa sau da yawa yunwa tana kashe mutane alhali akwai abinci a kasuwa, abin da suka rasa shi ne ikon sayensa. Dattawan da suka ga farin 1973 za su iya ba da shaida a kan wannan.

Ku tuna agana. Shekaru aru-aru tana kashe yara, tana makantar da wasu, tana bar wa wasu zane a fuska, ana cewa ƙaddara. Aka yi allurar rigakafi gari-gari, a 1980 aka tabbatar ta ƙare a duniya. Ku tuna kurkunu, wanda ke kwantar da manomi daidai lokacin noma. Da aka gane daga ruwan tafki yake, aka tace ruwa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi. Sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya a 1996, mafi yawansu a Arewa. Daga 2010 aka fara wata sabuwar allura a Nijar da Mali da Burkina Faso, ta shigo Najeriya a 2011, nau'in da ya yi waccan ɓarna ya ja baya ƙwarai. Shin waɗannan cututtuka ba ƙaddara ba ne a da? Ƙaddara ne. Kawar da su ma ƙaddara ce, sai dai ta biyo ta hannun mutanen da suka tashi.

Sayyidina Umar ya warware wannan tun tuni. Yana kan hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Ya amsa masa cewa daga wata ƙaddarar Allah yake gudu zuwa wata, ya kuma ba shi misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai nufa. Kuma a shekarar yunwar da ta auka wa Madina a zamaninsa, bai tsaya ga ba mutane haƙuri ba. Ya aika wa gwamnoninsa, har da Amru ɗan Asi, su turo abinci, shi kuma ya haramta wa kansa cin mai daɗi har talakawa su samu.

To mu dubi namu na yau. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa a jihar Jigawa, cikin kowace haihuwa 100,000, mata wajen 1,000 ne ke rasa ransu. Abubuwan da ke kashe su sanannu ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda. Kuma yawanci jinkiri ne ke ba su dama. Ana jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, ko don maigida ba ya nan, ko don an koya wa yarinya cewa kunya da jarumtaka su ne ta yi shiru da ciwonta. Ana jinkirin samun mota. In an isa, wani lokaci ana jinkirin samun jini ko ma'aikaci. Sashen haihuwa na babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin MSF take aiki tun 2008, ya ga dubban mata da suka iso a makare, da masu yoyon fitsari. Matar da ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki har rai ya yi halinsa, ajalinta ne ya cika, ba mai musun wannan. Amma cikar ajali ba ta ɗauke tambaya daga kan waɗanda suka iya kai ta asibiti suka ƙi.

A daren 15 ga Oktoba 2024, tankar mai ta faɗi a garin Majiya, ƙaramar hukumar Taura, cikin masarautar Ringim wadda mu ma muke ƙarƙashinta. Mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Ba mu taru don mu zargi mamata ba. Amma in muka ce ƙaddara muka shafa fatiha muka tashi, ba mu tambayi halin hanyoyinmu da motocin da ke bin su ba, ba mu tambayi irin talaucin da ke sa matashi ya tunkari mai da bokiti ba, ba mu koya wa 'ya'yanmu su guji irin wannan wuri ba, to mun shirya wa wata Majiyar.

A nan ne nake ganin Efiktitus ya gaza. Ya yi gaskiya da ya ce a raba abin da ke hannu da wanda ba ya hannu, amma hannun mutum ɗaya ya auna. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ba lalle ne ya fi ƙarfin gari ba. Mai naƙuda ba ta iya gyara hanya, ba ta iya ajiye mota, ba ta iya ba kanta jini. Gari yana iyawa. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka yi gayya, suka yi gandu, suka fitar da zakkar hatsi tun a bakin masussuka. Haƙuri na wanda abin ya sama ne. Waɗanda ke kewaye da shi, nasu rabon shi ne tashi.

Mutuwa

Bayan duk wannan, akwai abin da ba gayyar da za ta ture. Mutuwa rigar kowa ce. Ko an gina asibiti a kowace unguwa, za a mutu.

Dubi yadda muke yi da mamaci. Cikin 'yan sa'o'i an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an ɗauke shi a makara. Farin yadin da aka naɗe attajiri da shi, irinsa aka naɗe ɗan dako. A wurin jana'iza ba a tambayar buhu nawa ya noma. Abin da dangi ke sanarwa shi ne, duk wanda yake bin sa bashi ya zo ya faɗa. Abin da jama'a ke yi kuma shi ne shaida: mutumin kirki ne, ba ya da abokin faɗa, yana da zumunci. Ashe al'adarmu da addininmu sun riga sun gaya mana ma'aunin rayuwa, haƙƙin mutane da ke kanka, da alherin da ka bari a cikinsu. Tuna mutuwa, kamar yadda Gazali ya nufa, ba don a karaya ba ne. Don a san abin da ya cancanci a kashe kwanaki a kansa ne.

Abu biyu nake roƙo a nan. Na farko, mu bar mai baƙin ciki ya yi baƙin cikinsa. Annabi Yakubu ya yi kukan rabuwa da Yusufu har ganinsa ya tafi, kuma shi ne abin misali a kyakkyawan haƙuri. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Hawaye ba ya warware haƙuri. Abin da aka hana shi ne kururuwa da maganar da ke nuna fushi da hukuncin Allah. In kuma baƙin ciki ya daɗe har mutum ya daina ci, ya daina barci, ya fara cewa gara ya mutu, wannan ciwo ne, kada a ce masa raunin imani ne. A yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Na biyu, ta'aziyya ba ta ƙarewa ranar da aka naɗe tabarmi. Matar mamaci tana takaba wata 4 da kwana 10. Wa ke ciyar da ita? Marayu wa ke biya musu makaranta? Gonar gado, an ba 'ya'ya mata rabonsu, ko an ce su yi haƙuri? Wanda ya danne gonar marainiya sannan ya ce mata ta yi haƙuri, ya ɗauki kalmar Allah ya mai da ita makamin zalunci.

Kammalawa

Jama'a, amsar tambayoyinmu huɗu ga ta a taƙaice. Mun zo duniya domin bauta wa Allah, kuma babban ɓangare na bautar nan yana cikin sauƙaƙa wa bayinsa. Jin daɗi shi ne wadata gwargwado da lafiya da zuciyar da ba ta ɗauke da haƙƙin kowa. Wahala jarrabawa ce ga wanda ta sama da wanda yake kallo. Mutuwa kuwa ita ce ranar da ake rufe littafi, shi ya sa kwanakin da ke gabaninta suke da tsada.

Ina roƙon kowace unguwa ta zauna ta yi abu uku kafin damina mai zuwa. A san motar da za a kira da dare in naƙuda ta zo da gardama, a kuma tanadi kuɗin manta tun yanzu, magidanta su ba da izini tun kafin su yi tafiya. Samari masu lafiya su je a auna jininsu, a san wanda za a nema ranar bukata. A rubuta sunayen marayu da matan da mazansu suka rasu a unguwa, a san wanda ke kula da kowannensu. Malamanmu kuma, Allah ya gafarta muku, in kun yi mana wa'azin haƙuri, ku haɗa mana da labarin Umar a hanyar Sham.

Allah ya ba mu haƙuri a inda haƙuri ya dace, ya ba mu himma a inda aiki ya wajaba, ya ba mu basirar gane bambancinsu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu cika da imani.